Makro ya cinye mini makin ɗalibai, alhali ban danna Save ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ce ke haɗa sakamakon jarrabawa a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Muna da fayil ɗaya na Excel mai ɗauke da makin ɗalibai tun daga JSS 1 har SS 3. Wani ɗan bautar ƙasa da ya yi aiki da mu shekara uku da suka wuce shi ya yi mana makro a ciki, wato jerin umarnin da Excel ke aiwatarwa da kansa: idan na zaɓi aji na danna maɓalli, sai ya share sauran ajujuwan, ya fitar da wanda ya zo na ɗaya da na biyu har na ƙarshe, ya buga a takarda. In na gama sai in rufe, Excel ya tambaye ni, in danna Don't Save, komai ya dawo yadda yake. Haka muke yi a tsohuwar kwamfutarmu mai Excel 2013.

A wannan zangon aka saya mana sabuwar laptop. Ranar Litinin na buga JSS 2A, na rufe, bai tambaye ni komai ba. Washegari da na buɗe, ɗalibai 41 kaɗai na tarar, sauran duk babu, fomulolin jimla kuma sun koma lambobi zalla. Shugaban makaranta ya ce ni na danna Save da ganganci. Wallahi ban danna ba. Mako mai zuwa za a raba sakamako, ko barcin kirki ba na yi. Me ya faru, kuma yaya zan yi?

Malama, daga Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malama. Mun yarda ba ki danna Save ba, kuma da alama makin nan yana nan, nemo shi kawai za a yi. Sai dai kafin komai, ki ɗaga hannu daga kan fayil ɗin. Kada ki fara sake shigar da maki a cikinsa, kada ki ƙara danna maɓallin don ki ga ko zai gyaru, kada kuma ki miƙa wa wani ya yi ta buɗewa yana rufewa. Duk adanawar da aka ƙara yi tana ƙara ture tsohon kwafin da muke nema zuwa baya. Ki je foldar da yake, ki kwafe shi yadda yake zuwa filash, sannan ki ci gaba da karanta wannan.

Mu fara da ceto makin, tunda shi ke hana ki barci. Sau da yawa wajen saita sabuwar kwamfuta ana haɗa foldar Documents da Desktop da OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, mai kwamfutar ma bai sani ba. Ki duba adireshin foldar a saman File Explorer. In kin ga kalmar OneDrive a ciki, ko kin ga ɗan hoton gajimare ko koren alamar daidai kusa da sunan fayil ɗin, to ki gode wa Allah. Ki shiga OneDrive ta burauza da asusun da aka saita laptop ɗin da shi, ki danna fayil ɗin da ɓangaren dama na maus, ki zaɓi Version history. Jerin kwafi zai fito, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Ki nemi na ƙarshe kafin lokacin da kika buga JSS 2A ranar Litinin. Girman fayil ma zai taimake ki gane shi, don fayil mai ɗaliban makaranta gaba ɗaya ya fi mai 41 nauyi. Ki sauke shi, ki ba shi sabon suna, ki buɗe ki tabbatar ajujuwa sun cika, kafin ki taɓa Restore. Abin da ya sa muka ce ki daina taɓa fayil ɗin shi ne, asusun OneDrive na mutum ɗaya, wanda ba na ma'aikata ko makaranta ba, kwafi 25 na baya-bayan nan yake ba ka damar komawa kansu.

In fayil ɗin ba ya kan OneDrive, ki danna shi da dama, Properties, ki leƙa Previous Versions. Wannan sai in an kunna File History, tsarin Windows mai ajiye tsofaffin kwafin fayiloli, tun farko yake amfani, saboda haka kada ki yi mamaki in kin tarar da shi wayam. Ki duba cikin foldar ko akwai fayil mai sunan da ya fara da Backup of ya ƙare da .xlk. Sai tsohuwar kwamfutar, da filash ɗin da aka ɗauko fayil ɗin da shi, da duk wanda aka taɓa tura wa ta imel ko WhatsApp. Ko da makin wannan zangon bai cika a can ba, sunaye da fomuloli suna nan, abin da ya rage sai a cike daga takardun makin da malamai suka miƙa. AutoRecover kuwa kada ki dogara da shi a nan. Shi kwafi ne na gefe da Excel ke ajiyewa duk minti 10 saboda ɗaukewar wuta ko maƙalewar kwamfuta, kuma da zarar an adana fayil an rufe lafiya, yana kawar da shi.

Yanzu ga wanda ya yi adanawar. Abu biyu a wasiƙarki sun nuna mana inda za mu fara: sabuwar laptop, da kuma cewa Excel bai tambaye ki ba. Excel 2013 ba shi da AutoSave. Microsoft ta kawo shi ne a 2017 ga masu biyan kuɗin Office 365, wanda yanzu ake kira Microsoft 365, kuma yana kunna kansa ga duk fayil ɗin da ke kan OneDrive ko SharePoint. Aikinsa shi ne ya riƙa adana kowane canji cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba ruwansa da ko ke kika rubuta ko makro ne ya share. Makro ɗinki ya share ajujuwa, ya mayar da fomula lamba, firinta na ta aiki, shi kuma AutoSave ya riga ya kai wannan ɓarnar cikin ainihin fayil. Da kika zo rufewa babu sauran abin da ba a adana ba, shi ya sa bai tambaya ba. Ko da a cikin makro ɗin an rubuta a rufe ba tare da adanawa ba, wannan umarnin ba ya dawo da abin da AutoSave ya riga ya tura.

Gane shi ba wuya. Ki buɗe kowane fayil da ke wannan foldar, ki dubi can sama ta hagu, akwai ɗan makunni da aka rubuta AutoSave, On ko Off. In On ne, kusan kin kama ɓarawonki. In kin kashe shi a kan fayil, Excel zai tuna ya bar shi a kashe duk sanda kika sake buɗe wannan fayil ɗin, amma ke kaɗai abin ya shafa, wani malami in ya buɗe a tasa kwamfutar zai tarar da shi a kunne. Don kashe shi ga duk fayiloli, File, Options, Save, sai ki cire alamar akwatin farko mai maganar AutoSave. Ana kuma iya sa makro ɗin ya kashe shi da kansa kafin ya taɓa komai, da wannan layin a farkonsa:

If ThisWorkbook.AutoSaveOn Then ThisWorkbook.AutoSaveOn = False

Tsohon Excel bai san wannan kalmar ba, zai tsaya da kuskure, saboda haka in har yanzu ana amfani da tsohuwar kwamfutar, a lura.

To amma kada ki tsaya a nan ki ce an gama. Mun ce kusan ne, ba mu ce tabbas ba, kuma fayil ɗin da wani ya rubuta wa makro ya tafi, ba a rantsuwa a kan abin da ke cikinsa. Ki yi gwaji, a kan kwafi. Ki buɗe sabuwar folda kai tsaye a kan C, misali C:\Gwaji, inda OneDrive ba ya kaiwa, ki zuba kwafin cikakken fayil ɗin da kika ceto. Ki danna shi da dama, Properties, ki rubuta lokacin da ke gaban Modified har da daƙiƙa. Ki buɗe shi ba tare da danna Enable Content ba, ki rufe, ki sake duba lokacin. Ki sake buɗewa, wannan karon ki danna Enable Content, amma kada ki taɓa maɓallin bugawa, ki ɗan jira kamar minti 15, ki rufe, ki duba. Karo na uku ki danna maɓallin, ki rufe kamar yadda kika saba. In duka ukun lokacin bai motsa ba, kuma a na ukun Excel ya tambaye ki kamar da, makro ɗin ba shi da laifin adanawa, AutoSave ne. In lokacin ya canza a karo na biyu, akwai umarnin da ke tashi da kansa wajen buɗewa, ko rufewa, ko bisa agogo. In a na uku ne, adanawar tana cikin makro ɗin bugawa.

Wani abin lura: rashin tambaya ba kullum yake nufin an adana ba. Akwai layin da ake rubutawa, ThisWorkbook.Saved = True, wanda ba ya adana komai, yaudarar Excel kawai yake yi ya ɗauka babu sabon canji, sai ya rufe shiru. Wannan ɓarnarsa ta ɗaya ɓangaren ce: ki shigar da maki awa biyu, ki rufe, ba a tambaye ki ba, aikin ya tafi. Haka kuma yawan tambaya ba ya nufin wani abu ya lalace. Fayil mai fomula irin su TODAY, NOW, RAND, OFFSET ko INDIRECT yana sake lissafi da zarar an buɗe shi, sai ya tambaye ki wajen rufewa ko ba ki taɓa komai ba. Shi ya sa lokacin da ke gaban Modified ya fi akwatin tambaya gaskiya.

In gwaji ya nuna makro ne, ki danna Alt da F11 tare, tagar da ake rubuta umarnin za ta buɗe. Ta hagu akwai jerin sassan fayil ɗin: shafuka, da ThisWorkbook, da foldar Modules. Ki danna kowanne sau biyu ki gani. Mutane kan duba Modules kaɗai su ce babu komai, alhali ThisWorkbook ne maɓoyar umarnin da ke tashi da kansu, irin su Workbook_Open da Workbook_BeforeClose, shafuka kuma su ke ɗauke da Worksheet_Change mai tashi duk sanda aka canza gida ɗaya. A cikin Modules ki nemi masu suna Auto_Open da Auto_Close, tsohon yayi ne amma har yau suna aiki. Sannan Ctrl da F, ki zaɓi Current Project, ki nemi kalmar Save. Bayan ta ki nemi Close, don ana iya rubuta wb.Close True (wb sunan da aka laƙaba wa fayil ne), wanda ke adanawa ya rufe ba tare da kalmar Save ta bayyana ko sau ɗaya ba. Sai OnTime, da SendKeys, da OnKey, da DisplayAlerts, da On Error.

Kowace cikin waɗannan da irin nata halin. Mafi sauƙi ita ce ActiveWorkbook.Save da ta shigo ba da gangan ba. Yawancin irin waɗannan makro ba rubuta su ake yi daga farko ba, ana kunna Record Macro ne a yi aikin da hannu, Excel na rubutawa. In mai yin ya danna Ctrl da S a tsakiya saboda sabo, ta shiga ke nan, kuma za ta maimaita kanta duk sanda aka danna maɓalli. OnTime kuwa da kyakkyawar niyya ake sa ta. Wanda ya taɓa rasa aikinsa saboda an ɗauke wuta a kwamfutar tebur marar UPS, sai ya sa fayil ya riƙa adana kansa duk minti biyar. Illarta ita ce agogon bai san kin share ajujuwa na ɗan lokaci ba, in ya buga a daidai lokacin da kike jiran firinta, shi ke nan. Wannan ce ma ke sa matsala ta zama yau akwai gobe babu. Kuma in an rufe fayil ba a soke alƙawarin agogon ba, Excel na buɗe, zai sake buɗo fayil ɗin da kansa don ya cika umarnin.

Wadda ta fi cutar da mutane ita ce ruɗanin ActiveWorkbook da ThisWorkbook. ThisWorkbook shi ne fayil ɗin da umarnin ke zaune a cikinsa, ba ya canzawa. ActiveWorkbook kuwa duk wanda ke gaba a wannan daƙiƙar ne. A ce makro ya kwafi shafi zuwa sabon fayil, sannan ya yi share-sharensa a ActiveWorkbook, ya adana. Muddin kwafin ya yiwu, lafiya lau. Ranar da kwafin ya ƙi, a ce an kulle tsarin fayil ɗin ko shafin a ɓoye yake, kuma a sama akwai On Error Resume Next, wato in an yi tuntuɓe a wuce kawai, to sabon fayil bai samu ba, wanda ke gaba shi ne asalin, sai share-sharen da adanawar duk su sauka a kansa. Babu saƙon kuskure, babu komai. Akwai kuma ƙanwar wannan matsalar: in umarnin yana zaune cikin shafi ne, kamar yadda yake ga maɓallin da sunansa ya fara da CommandButton, duk inda aka rubuta Rows ko Range ba tare da an faɗi na wane shafi ba, shafin da umarnin ke ciki ake nufi, ko da wani fayil ne a gaba. Mai rubutun yana ganin kwafi yake sharewa, ashe asali yake yanka.

Sai DisplayAlerts = False tare da SaveAs. A ka'ida, in za ka adana da sunan da wani fayil ke da shi, Excel zai tambaya ko a danne tsohon. In an kashe faɗakarwa, sai ya amsa wa kansa da e. A ce sunan ana haɗa shi ne daga kalmar Sakamako da abin da ke gidan da kike zaɓar aji. Ranar da gidan ya zama fanko, sunan da zai fito Sakamako ne kawai, in kuwa shi ne sunan babban fayil ɗinku kuma foldar ɗaya ce, ya danne shi shiru.

In kin karanta kin rasa gane wanne ne, kada ki yi ta canke, ki ɗana tarko. A kwafin gwajin, ki buɗe ThisWorkbook ki rubuta wannan:

Private Sub Workbook_BeforeSave(ByVal SaveAsUI As Boolean, Cancel As Boolean)
Stop
End Sub

In akwai mai wannan sunan tun da, kada ki rubuta na biyu, Excel zai ƙi su duka, ki sa kalmar Stop kawai a layin farko na wanda ke nan. Ki koma ki danna maɓallinki. Duk sanda wani abu ya yi yunƙurin adanawa, aiki zai tsaya cak, Stop ta yi rawaya. Nan take ki danna Ctrl da L. Ɗan akwati zai fito da jerin wanda ya kira wane. Sunan da ke ƙarƙashin Workbook_BeforeSave shi ne mai laifin, ki danna shi sau biyu, zai kai ki kan layin. In kuma jerin bai nuna kowa ba sai shi kaɗai, adanawar daga waje ta zo: ko hannu, ko SendKeys da ke kwaikwayon danna Ctrl da S.

Tarkon nan yana da kafa ɗaya. In makro ya rubuta EnableEvents = False kafin ya adana, ba zai kama ba. To sai na biyu: ki rufe kwafin, Properties, ki sa alama a Read-only. Ki buɗe, Alt da F11, Tools, Options, General, ki zaɓi Break on All Errors, wanda ke hana On Error Resume Next haɗiye kuskure. Yanzu in makro ya zo adanawa, ko dai ya tsaya da kuskure mai lamba 1004, ko akwatin Save As ya faɗo. In kuskure ne ki danna Debug, layin zai yi rawaya. Zai iya tsayawa a wasu ƙananan kurakuran kafin ya kai can, ki rubuta su ma, don su ne irin abin da ake ɓoyewa. In kin gama ki mayar da zaɓin kan Break on Unhandled Errors, in ba haka ba duk wani makro a kwamfutar zai dame ki. Mai haƙuri kuma zai iya sa alamar rubutu cikin makro ɗin ya riƙa danna F8, yana bin sa layi-layi, yana kallon abin da ke faruwa a shafi.

Yana yiwuwa ki bincike fayil ɗin kaf ki tarar da shi tsaf. To ki dubi jerin hagun nan ko akwai PERSONAL.XLSB ko wani mai ƙarewa da .xlam. Waɗannan suna buɗewa tare da Excel a ɓoye, kuma umarni ɗaya a cikinsu mai zagaya duk fayilolin da ke buɗe yana adanawa ya isa. Ki riƙe Ctrl yayin buɗe Excel, ki amince ya tashi a Safe Mode, inda ba ya ɗora su, ki maimaita gwajin. In kuma an kulle umarnin da kalmar sirri, ki nemi ɗan bautar ƙasar nan ta waya. Manhajojin fasa kalmar sirri da ake saukewa a intanet ba abin ɗora wa kwamfutar da ke riƙe da bayanan ɗalibai ba ne.

Ga maganar da ba za ta yi daɗi ba. Ko kin kashe AutoSave, ko kin cire layin Save, tsarin kansa ganganci ne. Shekara uku tsakanin makarantarku da asarar makin ɗalibai duka, danna Don't Save ne kawai, sau ɗaya bayan kowane aji, a ƙarshen zango lokacin da kowa ya gaji. Kuma abin da makro ya share Ctrl da Z ba ya dawo da shi, don da zarar makro ya canza shafi, Excel yana goge tarihin komawa baya. Makro mai share bayanai bai kamata ya taɓa babban fayil ba sam. Gyaran ba shi da tsawo. A ce shafin makin sunansa Maki:

Dim kwafi As Workbook
ThisWorkbook.Worksheets("Maki").Copy
Set kwafi = ActiveWorkbook
If kwafi.Name = ThisWorkbook.Name Then Exit Sub

Layi na biyu yana fitar da shafin zuwa sabon fayil marar suna. Na uku yana ɗaure wannan sabon fayil da suna kwafi. Na huɗu shi ne mai gadi: in kwafin bai yiwu ba, a fita ba a taɓa komai ba. Daga nan duk wani Rows ko Range a rubuta shi da kwafi.Worksheets(1) a gabansa, a cire sauran ActiveWorkbook da On Error Resume Next, a ƙarshe a rufe da kwafi.Close SaveChanges:=False. Umarnin a mayar da shi cikin Module, kada a bar shi cikin shafi, don shafin da aka kwafa yana tafiya da umarnin da ke jikinsa.

Mu da za a tambaye mu ma, sharewar ba ta da amfani. Muna zaton an yi ta ne don matsayi ya fito na cikin aji ba na makaranta duka ba. Fomula ɗaya ta wadatar. In aji yana layin C, jimlar maki tana layin H, a gidan matsayi na ɗalibin da ke jere na 2 a rubuta:

=COUNTIFS(C:C,C2,H:H,">"&H2)+1

Ma'anarta, a ƙirga 'yan ajinsu da suka fi shi maki, a ƙara ɗaya. A ja ta har ƙasa. Biyu in sun yi kunnen doki za su sami matsayi ɗaya, na bayansu ya tsallake lamba ɗaya, kamar yadda fomular RANK ke yi. Da wannan, buga aji ya zama a sa Filter a layin C, a zaɓi JSS 2A, a buga, don Excel jeren da ke bayyane kaɗai yake bugawa. Ko AutoSave ya adana a haka, tacewa kawai ya adana, ɗalibai na nan a ɓoye, Clear ɗaya ya fito da su. A kula dai da matsakaicin maki a ƙasan shafi: SUM da AVERAGE suna haɗawa har da jeren da aka tace, sai a yi amfani da SUBTOTAL ko AVERAGEIF.

Kowace hanya aka bi, a ƙara layi ɗaya a farkon makro ɗin da zai ajiye kwafi kafin a fara:

ThisWorkbook.SaveCopyAs "C:\Ajiya\Sakamako_" & Format(Now, "yyyy-mm-dd_hhnn") & ".xlsm"

SaveCopyAs ya bambanta da SaveAs, yana ajiye kwafi ne a gefe, ke kuma kina nan cikin fayil ɗinki. Sai an buɗe foldar Ajiya da hannu tukuna, in babu ita zai tsaya da kuskure. Kada a sa alamar ɗigo biyu a tsarin lokacin, Windows ba ya karɓar ta a sunan fayil. Kada kuma a yi amfani da ThisWorkbook.Path a nan in fayil yana kan OneDrive, don adireshin intanet yake bayarwa mai farawa da https, ba na folda ba. Duk ƙarshen mako a kwashe foldar zuwa filash ɗin da ba ya kwana a jakar laptop.

Saura shugaban makaranta. Kada ki je masa da rantsuwa, kin riga kin yi, ba ta karɓu ba. Ki je da laptop. Ki yi kwafin fayil ɗin da wani suna cikin foldar OneDrive, ki nuna masa makunnin yana On, ki ba shi maus ya danna maɓallin da hannunsa, ya jira firinta ta gama, ya rufe. In abin da muke zato ne, ba za a tambaye shi komai ba, in ya sake buɗewa aji ɗaya zai tarar, shi ma bai danna Save ba. Nan zai gane an bar jaki ne ana dukan taiki, ba sai kin faɗa ba. Ɗan bautar ƙasar ma kada a ɗora masa, abin da ya rubuta ya yi daidai da kwamfutar da ya rubuta wa. Ki nemi abu biyu a wannan zaman: a ba ki rabin yini tare da wanda ya iya makro kafin a ci gaba da bugawa, kuma a tabbatar asusun OneDrive ɗin na makaranta ne, an san kalmar sirrinsa, ba na mai shagon da ya saita laptop ɗin ba.

Na wannan makon, in lokaci ya ƙure ba a kai ga gyara umarnin ba, ki ajiye cikakken fayil ɗin a C:\Ajiya, ki sa masa Read-only. Kowane aji za ki buga, ki yi sabon kwafi zuwa C:\Gwaji, ki buga daga can, ki goge kwafin, ki sake ɗauko wani don aji na gaba. Kafin a sa wa takardu hannu, ki gwada jimlar ɗalibai uku ko huɗu a kowane aji da takardun malamai, musamman waɗanda aka gyara makinsu ranar Litinin ɗin, don gyaran da kika yi dab da danna maɓallin zai iya zama bai shiga kwafin da kika ceto ba.